Wasiƙa ga Edita: A bar yaran ƙauye su taɓa laka da hannunsu a makaranta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan tamu albarka amin. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ka yi haƙuri in wasiƙar tai tsawo, abin ne ya taru a raina.

Ni malamin makaranta ne, shekara goma sha ɗaya kenan ina koyarwa a ƙaramar sakandare, wato jiniya, a wani ƙauye da mota ba ta shiga sosai sai ranar kasuwa, in damina tai nisa ma sai dai babur ko ƙafa. Hausa na karanta a kwalejin ilimi, amma kasan halin makarantun ƙauye, malamai ba su isa ba, duk darasin da ya rasa mai shi sai a ɗora wa wanda aka samu, to haka aka ɗora min darasin nan na al'adu da fasahar hannu da muke ce wa CCA, kuma na karɓa hannu bibbiyu dan ba yadda zan yi.

Ranar da abin ya fara damuna ina aji biyu ne, darasin ginin tukwane muke. Na cika allo taf da Turancin da na kwaso daga littafi, ma'anar ginin tukwane, ire-iren laka, matakan da ake bi, yara suna ta kwafa kamar kullum, mafi yawansu ba su ma san me suke kwafa ba, siffar haruffan kawai suke bi. Da na zo yi musu bayani da Hausa sai nace in an gama gina tukunya sai a shanya ta a rana ta bushe sannan a gasa. Sai wata yarinya daga can benci na ƙarshe, wadda tunda aka shiga zangon ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu a hankali tace Malam in aka sa ta a rana tana ɗanya ai tsagewa za tai, a inuwa ake fara ajiye ta ta sha iska tukunna. Ajin yai tsit, kowa yana jira yaga ko zan yi faɗa. Nace wa ya gaya miki, tace kakarta maginiya ce, tun tana ƙarama take taya ta cuɗa laka. Wallahi Malam Edita ranar ban iya bacci da wuri ba. Yarinyar nan a rijistar makina tana cikin na ƙasa-ƙasa, a darasin da ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bayan kwana biyu na shirya na je gidan da yamma, nai sallama, aka shimfiɗa min tabarma a zaure, tsohuwar ta fito hannunta duk laka. Muka gaisa nace Inna alfarma na zo nema, so nake ki zo makaranta ki koya wa yara aikin nan naki. Ta daɗe tana kallona, sannan tace ɗan nan ni da ban taɓa taka ƙofar boko ba me zan koya wa 'yan boko. Sai da na je sau uku, na haɗa da mai unguwa da liman, sannan ta yarda, da sharaɗin ba za ta shiga aji ba sai dai a gindin bishiya. Shugaban makarantarmu, Allah ya saka masa da alheri, ya ba mu awa biyun ƙarshe na ranar Alhamis.

Ina so in ɗan tsaya a kan ranar farko dan har yanzu tana idona. Tun ranar Talata samarin ajin suka je bakin fadama da baro da buhuna suka haƙo yumɓu inda Inna ta kwatanta musu, ba ko'ina ba, akwai wani gefe da tace lakarsa ta fi danƙo. Aka jiƙa ta kwana, aka tsince tsakuwa da saiwoyi, aka daka tsingaron tsofaffin tukwane yai laushi aka zuba, wasu suka shiga da ƙafa suna tattakawa. Ranar Alhamis Inna ta zauna a gindin darbejiya ta miƙe ƙafa, ta kifa wata tsohuwar tukunya a gabanta ta barbaɗa mata toka, ta ɗora curin laka a kai ta fara bubbugawa da tafin hannu tana juyawa, ba ta ce uffan ba. Yaran da in ina aji sai na yi ta tsawa kafin su nutsu, ranar ko tari babu mai yi. Da gindin ya ɗan sha iska ta cire shi ta juyo shi sama, ta murza laka tai tsawo kamar igiya ta dinga ɗorawa tana shafewa da jiƙaƙƙen tsumma har wuya ya fito, ta lanƙwasa baki da yatsu biyu. Sannan ta ɗago kai tace to kowa ya ɗebi nasa. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani, wani tasa ta rushe sau huɗu, wata tana kuka dan bakin nata ya karkace, Inna tana zagayawa tana kama hannun yaro ta ɗora a kan nata tace ji nan, nan yai kauri, nan kuma ka cika ruwa. Jikar nan tata kuwa da ba ta magana a aji ita ce ta zama ƙaramar malama, har manyan samarin aji uku suna kiranta ta zo ta duba musu. An tashi makaranta ranar ba wanda ya tafi gida sai da muka kore su.

Bayan sati biyu muka gasa, a fili, aka jera tukwanen aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu da ciyawa aka cinna wuta da yamma. Da safe da aka tone kusan rabi sun fashe. Na zaci yaran za su karaya, ashe nan ne ma karatun ya fara, dan kowa so yake ya san me ya sa tasa ta fashe ta wane kuma ta tsira. Inna ta ɗauki ɓallen ɗaya ta nuna musu wani ɗan rami a ciki tace iska ka bari a nan, ba ka cuɗa da kyau ba, ta ɗauki wani tace wannan kuma bai gama bushewa ba kai gaggawa. Malamin kimiyyarmu yana tsaye yana ji, sai ya karɓe zancen yai musu bayanin yadda ruwan da ya rage a cikin laka yake zama tururi in ya ji wuta ya nemi hanyar fita ya fasa tukunyar, daga nan ya wuce kan dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi, cewa jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa iska tana busar da shi tana tafiya da zafin. Darasin da yace ya sha koyarwa a allo ba ya zama, ranar ya zauna daram, har a jarabawa ma sun amsa shi.

Akwai kuma wani yaro da ba zan manta da shi ba. Ya shigo aji ɗaya ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, kullum ana masa dariya, ya fara gudun makaranta yana bin masu ɗora kaya a kasuwa. Da muka faɗaɗa shirin Alhamis ɗin nace kowa ya kawo abin da ya iya yi da hannunsa. Sai ga yaron nan da motar da ya ƙera da kara da gwangwanin madara da wayar da ya tsinto, tayoyin silifas ya yanka, ga dogon sitiyari da in ka murɗa tayoyin gaba suna juyawa da gaske, bayanta kuma yana ɗagawa ya zubar da yashi kamar tifa, har ƙofa tana buɗewa. Na tambaye shi ya akai tayoyin suka zo daidai da juna, yace murfin kwalba ya ɗora ya zagaye. Ya akai ya gane tsakiya, yace zare ya naɗe biyu. Malam Edita wannan ai lissafi ne tsagwaronsa, amma a takarda sifili muke ba shi. Ban ce yaron ya zama na ɗaya a aji ba, bai zama ba, amma ya daina gudu, kuma da kansa ya zo yace in koya masa karanta lambobin da ke jikin tef ɗin awo dan yana so ya dinga auna abu daidai. Daga tef ɗin nan muka shiga karatu.

Abin da nake so masu tsara ilimi su ji shi ne, malaman fasahar hannu suna nan zaune a ƙauyukanmu, ba sai an yo odarsu daga ko'ina ba, ƙofa kawai za a buɗe musu. A ƙauyen da nake kaɗai akwai maƙeri, akwai masu saƙar tabarma da faifai da kaba, akwai mai gyaran ƙwarya da yake mata zane da wuƙa mai zafi, akwai masu ɗinkin hula, akwai baduku, akwai tsohon magini da ya iya yaɓe da makuba da fitar da zanko da dagi a fuskar soro, akwai alaramman da in yai zayyana a allon sauka sai ka tsaya kallo. Duk waɗannan yaranmu suna wuce su kullum a hanyar makaranta, su zo aji mu kuma mu rubuta musu ma'anar saƙa da Turanci su haddace.

Kuma ba yau aka fara wannan tunanin ba, mun dai sha yin tuntuɓe ne a wuri ɗaya. Makarantar boko da Baturen nan Hanns Vischer, da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a jiniya, uku a siniya, huɗu a jami'a, babbar manufar shekara ukun jiniya ita ce yaro ya fita da wani abu a hannunsa ko da bai wuce gaba ba, aka kawo darasin koyon ƙere-ƙere da ake ce wa intoro-tek, aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Duk wanda yai makaranta a wancan zamanin ya san ƙarshen labarin, da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wutar da za ta tashe su, ba ɗakin da za a kafa su, ba malamin da ya san kansu. Ni kaina a makarantar da nai, akwai wani ɗaki a kulle da muke leƙawa ta taga muna ganin akwatunan. A firamare kuma akwai handiwok, da can yaro shi zai tufka igiya ko ya saƙa mafici ya kawo a ba shi maki, a hankali abin ya koma a sayo tsintsiya a kasuwa, daga baya ma ya koma a kawo kuɗi ko sabulu. Yaron da aka koya masa cewa ana sayen makin aikin hannu da kuɗi, me ka koya masa kenan?

To ga shi kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, an rage yawan darussa an kuma sa sana'o'i guda shida da yaro zai zaɓa, haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Na yi murna da wannan har ga Allah, dan gyaran waya da sola sana'o'i ne masu ci yanzu ko a ƙauye. Tsorona ɗaya ne, kar a maimaita 1982, a ba da kwangilar kaya a jibge a makarantun birni a ɗauki hoto, mu na ƙauye kuma a turo mana littafi mu rubuta ma'anar sola a allo. Yaron da bai taɓa riƙe almakashi ko filaya a makaranta ba, bai saba ya gwada abu ya lalace ya sake gwadawa ba, ba ranar da ka miƙa masa waya zai fara koyon haƙurin aiki ba. Hannu shi ma sai an yi masa tarbiyya, kuma laka da kaba da kara su ne mafi arhar abin da za a fara da shi, in ya lalace ba a yi asarar komai ba sai a sake cuɗawa.

Duk wanda yake ganin ginin tukwane ƙaramin abu ne ya ciro naira ashirin daga aljihunsa ya juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana gina tulu ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙauyen Kwali a ƙasar Gwari, a gida ta koyi aikin tun tana yarinya a hannun 'yar uwar iyayenta. Tukwanenta har fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau suka kai, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta wancan lokacin, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ranar da na zagaya da takardar naira ashirin a aji ina ba su wannan labarin, jikar Inna ta riƙe ta ta daɗe tana kallo, da aka tashi ta tambaye ni ko zan ara mata ta kai wa kakarta ta gani.

Haka in ka ɗauki rini. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana cewa tun 1498 take, garin Kura kuma ya yi suna da baƙin turkuɗin da Buzaye suke naɗawa har cikin Sahara. Baba da toka da ruwa ne a rami, a bar su su yi kwanaki su nuna, ka tsoma farin ƙyalle ka ciro shi kore-kore, kana riƙe da shi a iska yana rikiɗewa yana zama shuɗi a gaban idonka. Wane ɗakin gwaje-gwaje ne zai nuna wa ɗan shekara goma sha uku aikin iskar oksijin fiye da wannan? Ko jima, yadda 'ya'yan bagaruwa suke hana fata ruɓewa, da yadda karan dafi yake ba ta launin ja, fatar jar akuyar Sakkwato da fatake suka dinga ƙetara hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko dan ta can take isa gare su. Ko bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19. A nan akwai kimiyya akwai lissafi akwai tarihi, kuma duk namu ne, yaro ba sai ya yi hasashen wani abu da bai taɓa gani ba.

Ba zan ɓoye ba mun sha ƙorafi, kuma wasu ƙorafin suna da tushe. Wani uba ya same ni har gida yace Malam na kai ɗana boko ne dan ya huta da wahalar da muke sha, ya zama likita ko ma'aikaci, kai kuma ka mayar min da shi wasa da laka. Na fahimce shi sarai, mutumin da yake hana kansa dan ya sayi yunifom da littafi yana da haƙƙin ya tambaya. Nace masa Baba awa biyu ce a sati, ba a taɓa lokacin lissafi ko Turanci ba, kuma likitan da kake fata ai da hannu zai yi ɗinki da tiyata, ka zo ran Alhamis ka gani da idonka. Ya zo, ya tsaya daga nesa, bai ce komai ba ya tafi, amma bai hana yaron ba.

Na biyu shi ne maganar gado, wannan ta fi wuya. A wurinmu har yanzu akwai masu ganin ƙira ta maƙera ce, jima ta majema ce, ɗan gidan sarauta ko ɗan malamai ba ya zama a gindin maƙera, wasu sana'o'in ma ana musu kallon ƙasa-ƙasa har a wajen neman aure. Su ma masu sana'ar wasunsu ba sa son sakin sirrin gidansu ga bare, maƙerinmu sai da aka yi wata biyu ana lallashi, kuma har yau iyakar abin da ya yarda ya nuna shi ne yadda ake zuga da yadda ake gane ƙarfe ya nuna daga launinsa, da ƙera ƴar ƙaramar wuƙa da lauje. Mun gode masa da hakan. Abin da na lura shi ne su yaran ba ruwansu da wannan bambancin sai in manya sun cusa musu, ɗan mai unguwa da ɗan maƙeri tare suke rububin zuga-zugi, kuma ɗan maƙerin da ada yake ɓoye sana'ar gidansu yanzu da ita yake tinƙaho.

Na uku maganar zanen abu mai rai, wasu iyayen suna jin an ce zane sai gabansu ya faɗi. Wannan ba mu ja da kowa ba, mun je wajen liman muka zauna, muka tsaya a kan abin da ba saɓani, zayyana, dagi, aska takwas da aska biyu irin na wuyan babbar riga, zanen hula, zanen ƙwarya, ganye da fure irin na lalle. Alaramma da kansa ya zo ya koya musu haɗa tawada da gawayi da ƙaro da feƙe alƙalami, ya nuna musu yadda ake raba fuskar allo gida-gida kafin a fara zayyana. Wallahi fasahar da ke cikin wannan kaɗai ta ishi yaro shekara uku bai ƙure ta ba.

Inda na fi jin ciwo shi ne ta wajen hukuma. Wani jami'i ya zo duba makaranta ranar wata Alhamis ya tarar da mu a gindin bishiya, yunifom duk laka, bai tambayi me yaran suka koya ba, abin da ya tambaya shi ne ina littafin shirin darasi, kuma wacece wannan tsohuwar, tana da takardar shaidar koyarwa? Inna tana zaune tana ji. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, matar da ta shekara fiye da hamsin tana wannan aiki, rabin randunan garin daga hannunta suka fito, ana tambayar takardarta a gaban jikokinta. Kuma saboda ba ta da takardar, babu ta inda za a fitar mata da ko sisi. Mu malamai ne muke haɗa ɗan abin da ya samu ƙarshen wata, kwamitin iyayen yara kuma in kaka ta yi su auna mata gero. Sannan duk wahalar da yaro zai sha ya gina tulu mai kyau, in jarabawar fita aji uku ta zo abin da ya rubuta a takarda ne zai fi yi masa magana, shi ya sa malamai da yawa suke ganin ɓata lokaci ne, kuma ban ga laifinsu sosai ba.

Dan haka roƙona ga hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohinmu da ta tarayya. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, an ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi su kawo nasu kason su karɓa. Ba gini muke nema daga ciki ba, ba inji ba. A samar da hanyar da shugaban makaranta da kwamitin gudanarwa na gari za su iya ɗaukar mai sana'a na gida a ba shi ɗan alawus na zango, da sunansa a rubuce da mutuncinsa, a sa awa biyun nan a jadawali yadda ba wanda zai zo yace mun saɓa doka, kuma aikin da yaro yai da hannunsa ya shiga makin zango da gaske, a gani a taɓa, ba a sayo a kasuwa ba. Kwalejojin ilimi da suke da sashen zane da fasaha su dinga turo mana ɗalibansu koyon koyarwa ƙauye, kar su tsaya a makarantun bakin titi kawai, haka ƴan bautar ƙasa, duk wanda ya iya wani abu, ɗaukar hoto ne, ɗinki ne, haɗa wayar lantarki ne, wasan kwaikwayo ne, a ba shi fili.

Iyayenmu hakimai da dagatai kuma ku ne kuka san sarkin maƙera da sarkin magina da sauran masu sana'a na ƙasarku, kalma ɗaya daga bakinku ta fi zirga-zirgar da nai ta wata biyu. ƴan uwa ƴan asalin ƙauye da Allah ya buɗa musu a birni, in kun zo gida da sallah ku leƙa makarantar da kuka yi, almakashi dozin ɗaya da allura da zare da fenti da tef ɗin awo ba za su gagare ku ba. Sannan dogon hutun nan yana faɗowa ne tsakiyar damina, yara suna gona da safe kuma ba wanda zai hana su, haka ya kamata, amma da yamma fa? Da rani kuma bayan an gama kaka, lokacin da samarinmu ƙanana suke fara bin manya ci-rani birni wasu ba sa dawowa aji, ƴan mata kuma talla take cinye su, nan ne ya kamata a ce akwai wani abu a makaranta da yaro zai ji yana ɗokin zuwa dominsa. Ni dai abin da na gani a rijistata shi ne ranar Alhamis ba ta da fashi kamar sauran ranaku, har waɗanda suka kwana biyu ba su zo ba sai ka gan su.

Kuma kar a ɗauka duk maganar neman kuɗi ce. Eh wasu sun fara samun na sabulu, ƴan mata biyu suna ɗinkin hula, wani yaro yana kai asusun laka kasuwa yana sayarwa. Amma ko da ba za su taɓa sayar da komai ba, yaron ƙauye shi ma yana da haƙƙin ya yi abu mai kyau da hannunsa ya tsaya ya kalla ya ji daɗi, kamar yadda ɗan makarantar kuɗi a birni yake da ɗakin zane da kayan kala. Ƙarshen zangon da ya wuce mun jera ayyukansu a kan bencina a filin makaranta muka gayyaci gari, iyaye mata suka fito da yawa irin yadda ban taɓa gani ba ko a ranar ba da sakamako, wata uwa ta ɗauki faifan da ƴarta ta saƙa tana juya shi tana tambaya wai da gaske ita tai wannan.

Yanzu haka da nake rubuta maka wasiƙar nan Inna ba ta da lafiya, ƙafa ta matsa mata, zangon nan sau biyu kawai ta iya zuwa, a baro ma yaran suka so ɗauko ta ta ƙi. Jikarta ta gama aji uku, kuma babu babbar sakandare kusa da mu, ana ta maganar aure, ita ce take zuwa ran Alhamis tana riƙe mana ƴan aji ɗaya kafin a ga yadda Allah zai yi. Akwai wani tsohon marini a ƙauyen da ke gaba da mu, ramukansa sun shekara da yawa a bushe, na je na same shi yace in za mu yashe rami ɗaya mu nemo baba shi zai zo ya haɗa mana, kuma shi ma ya tsufa sosai. Yaran sun ce su za su yi yasar ranar Asabar. Baban ne har yanzu ba mu samu ba, dan an daina noma shi a wajenmu, in akwai mai karanta jaridar nan da ya san inda za mu samu ko da irinsa ne mu shuka a bayan aji, dan Allah ya sanar ta hannun Edita.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci, a gaida ma'aikata baki ɗaya.

Naka,
wani malamin ƙaramar sakandare daga karkara.